Amsoshin Tambayoyinku: Tsuntsun da Aka Ƙarar a Tsibirin Eldey

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta yau daga wata malamar makaranta ce a Damagaram. Ta ce ɗalibanta sun ga hoton wani tsuntsu mai baƙin baya da farin ƙirji, an rubuta great auk a ƙarƙashinsa, wai babu sauran irinsa a duniya. Tana tambaya, shin penguin ne? Kuma me ya ƙarar da shi?

Malama, mun gode. Ba penguin ba ne, ko da yake shi aka fara kira da wannan suna. Daga baya ne matuƙan jiragen ruwan Turai suka ga masu kama da shi a kudancin duniya, suka laƙaba musu. Shi mazauninsa arewacin tekun Atlantika ne, daga gaɓar Kanada har Aisland da Sikotland. Tsayinsa kusan santimita 80, nauyinsa kamar kilo 5, amma fiffikensa ɗan santimita 15 ne, don haka ba ya tashi sama. A ruwa gwanin ninƙaya ne, a tudu kuwa da ƙyar yake takawa. Ƙwai ɗaya tal macen ke sakawa a shekara, a kan tsurar dutse.

Abin da ya ƙarar da shi, Malama, hannun ɗan Adam ne. A tsibirin Funk, kusa da Kanada, an fara kashe su don nama, sannan don gashin da ake cusawa a matashin kai. Sai a tsoma su cikin tafasasshen ruwa a fige. Da yake babu itace a tsibirin, da gawarwakin 'yan'uwansu ake hura wutar, saboda kitsen jikinsu. Wallahi wannan wurin yana sosa mini rai.

Ragowar suka fake a wani dutse mai wuyar hawa a tekun Aisland. A 1830 aman wuta ya nutsar da dutsen, suka koma tsibirin Eldey, inda kwale-kwale ke iya zuwa. A lokacin, ƙarancinsu ya sa gidajen tarihi da attajiran Turai na biyan kuɗi mai tsoka a kan fatarsu. A watan Yunin 1844 mutum uku suka hau Eldey, suka tarar da mace da namiji suna kwanci. Suka shaƙe su, ƙwan kuma ɗaya daga cikin mutanen ya taka shi da takalmi. Waɗannan su ne mace da namiji na ƙarshe da aka san sun yi kwanci.

Ki gaya wa yaran, hoton da suka gani ko dai zane ne, ko ɗaya daga cikin fatu kusan 78 da aka cusa aka ajiye a gidajen tarihi. Ba a taɓa ɗaukar hotonsa da rai ba.