Sharhi: Daren Shiga Sabuwar Shekara, Wa Ka Sauke Wa Kaya?

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

Tun tsakiyar watan Disamba allunan talla suka cika bakin titi. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Kaduna zuwa Yola, ko'ina sai sanarwar sujadar daren 31 ga wata: shekarar buɗi, shekarar ɗaukaka, shekarar da maƙiyinka zai ji kunya. Wasu har da umarnin kowa ya zo da ambulan na musamman, wai da shi za a buɗe masa ƙofar shekara. Na tsaya na karanta allunan nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga ko guda da ya ce wa mutane su biya bashin da ke kansu ba, ko su yafe wanda suke bin talaka. Abin da ya tayar mini da hankali ke nan, domin ni Kirista ne, kuma na san abin da Littafi Mai Tsarki ya ɗaura wa farkon shekara.

Mu buɗe Littafin Fitowa, sura 12. A nan ne Allah ya fara yi wa jama'arsa maganar farkon shekara. Ya gaya wa Musa da Haruna cewa wannan wata, watan Abib, shi ne zai zama musu na fari cikin watanni. Me ya faru a watan? Bayi suka fita daga hannun Fir'auna, bayan zaman shekara 430 a Masar. Wato ranar da aka sauke wa mutane kayan bauta, daga nan aka fara ƙidaya.

Mu ƙara gaba. Maimaitawar Shari'a sura 15 ta ce a ƙarshen kowace shekara 7 a yafe basussuka. Littafin Firistoci sura 25 ya ce a shekara ta 50 a busa ƙaho a ranar kafara, a yi shelar 'yanci a dukan ƙasar: wanda talauci ya sa ya sayar da gonarsa ya koma gonarsa, wanda ya sayar da kansa ya koma cikin danginsa. Da Yesu ya shiga majami'a a Nazarat, a Luka sura 4, aka miƙa masa littafin annabi Ishaya, wurin da ya karanta shi ne na bishara ga matalauta, da sakin ɗaurarru, da shelar shekarar alherin Ubangiji. Fitowa, Shari'a, Bishara, duk bakinsu ɗaya. Shekara tana sabunta ne a lokacin da wani ya sauke wa wani kaya. To kai, wa ka sauke wa?

Ita kanta ranar 1 ga Janairu ba daga Littafi aka samo ta ba. Kalandar Romawa ce, wadda Fafaroma Gregori na 13 ya gyara a 1582. Ingila ma sai a 1752 ta mayar da farkon shekararta zuwa Janairu. Kafin nan 25 ga Maris take farawa. Kiristocin Habasha har gobe a watan Satumba suke shiga tasu shekarar. Idan akwai wani iko a cikin ƙarfe 12 na daren 31 ga Disamba, su waɗannan fa, an rufe musu ƙofa ke nan? Agogo ba ya gafarta zunubi, jama'a. Agogo ba ya gyara hali.

Na san masu cewa, tun da haka ne, a daina taron gaba ɗaya, al'adar Romawa ce. Wannan magana ba ta da nauyi. Ranar 1 ga Janairu ita ce kwana na 8 daga Kirsimeti, kuma Luka 2:21 ya nuna a kwana na 8 aka yi wa Yesu kaciya aka raɗa masa suna. John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ikkilisiyar Methodist, ya fara sujadar sabunta alkawari a Landan a 1755, mabiyansa kuma suka riƙe ta a farkon kowace shekara, inda mutum yake miƙa kansa ga Allah ko da daɗi ko da wuya. A daren 31 ga Disamba na 1862, baƙaƙen fata a Amurka sun kwana a majami'u suna jiran gari ya waye dokar 'yanta bayi ta fara aiki. Waɗannan sun san abin da suke jira. Taron ba laifi ba ne, abin da muka cika shi da shi ne abin dubawa.

Akwai kuma masu cewa mutane suna cikin wahala, a bar su su ji kalmar ƙarfafawa. Wahala kam ana sha, ba wanda zai musa, kuma ba na zargin kowane mai wa'azi da mugun nufi. Amma wace ƙarfafawa ce a karɓi kuɗin cefanen gwauruwa a ce mata a bana za ta sayi mota? Yakubu sura 4 ya tsawata wa masu cewa za su je gari kaza su yi shekara suna kasuwanci su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Ya ce su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. A sura ta gaba kuwa ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Wannan ayar fa, wa ya taɓa ɗora ta a kan allon talla?

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Irmiya sura 34. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, tsoro ya kama kowa. Sarki Zadakiya ya ƙulla alkawari da jama'a cewa kowa ya 'yanta bayinsa Ibraniyawa, maza da mata. Aka yi alkawarin a Haikali, aka saki bayin. Da abin ya ɗan lafa, sai masu gida suka bi bayin nan suka sake kamo su. Allah ya ce sun ɓata sunansa. Ku dubi wannan da kyau, domin mu ne. Daren 31 ga wata muna durƙushe muna kuka, muna waƙa, muna rungumar juna. Kafin hunturu ya wuce, rigimar gonar gado ta koma kotu, yarinyar da ke mana aiki a gida tana bin mu albashin wata 3, ɗan'uwan da muka yi shekara ba ma gaisawa har yanzu ba ma gaisawa. Mun saki bawa da dare, mun kamo shi da safe. Wa muka sauke wa kaya? Ba kowa!

Ina roƙon fastocinmu da dattawan ikkilisiya, da iyayenmu na zumuntar mata: a bana a karanta Firistoci 25 kafin a fara kiɗa. A ba mutane lokaci su tashi daga kujerunsu su je wurin wanda suka ɓata wa rai. Mai bin maƙwabcinsa mudu 10 na masara tun damina, alhali ya san ba shi da abin biya, ya faɗa masa a daren cewa ya yafe. Kai kuma da za ka shiga majami'a da sabuwar riga, telan da ya kwana yana ɗinka maka ita tun kafin Kirsimeti yana nan a shagonsa, har yanzu ba ka cika masa kuɗinsa ba.