Yadda kwamfutocin cikin mota ke magana da juna: lacca daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu masu gareji da nake hangowa can baya, ku matso, akwai kujeru a gaba. Abu uku zan taɓa in Allah ya yarda.

Na farko, motar yau ta bar zamanin kafireta. Ƙananan kwamfutoci ne cike da ita, wata na kula da inji, wata birki, wata giya, har gilashin ƙofa da tasa. Kowace akwai wanda ya zauna ya rubuta mata manhaja, galibi da harshen kwamfuta da ake kira C. To yaya suke jin juna?

Nan nake so ku ba ni hankalinku. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin CAN, wato hanyar da kwamfutocin mota ke aika wa juna saƙo, a 1991 Mercedes ta sa shi a motarta. Waya biyu ce kacal, an murɗe su kamar igiya, kowa ya rataya a kansu. Waya biyu fa! To idan birki da esi suka buɗe baki lokaci guda, wa za a saurara? Kowane saƙo da lamba a goshinsa, kuma mai ƙaramar lamba shi ne babba. Kowa yana magana, kunnensa na kan wayar. Lambar nan da sifili da ɗaya ake aika ta, kuma sifili yana danne ɗaya. Da ka aika ɗaya ka ji sifili ya dawo, ka san na gaba da kai ya soma, sai ka ja bakinka. Kamar zaman fada ne. Waziri ya gyara murya, mai unguwa ya yi shiru. Maganar Waziri ba ta katse ba, ko harafi bai zube ba, shi kuma mai unguwa bai yi fushi ya ɗauki takalmansa ba. (Dariya.) Yana jira a gama ya faɗi tasa. Wallahi duk ranar da na koyar da wannan sai na ji daɗi, domin ladabi ne aka zuba cikin waya.

Aikin injiniya shi ne raba lambobin nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa a hanyar Jega, duk daƙiƙa tana cin kusan mita 28. In ka ba rediyo ƙaramar lamba ka bar birki yana jira, ka ga abin da ka yi. Mai ƙaramar lamba shi ne babba, ku rubuta.

Sai zafi. Kun san Afrilu a Kebbi. Kayan lantarkin da ke kusa da inji ana gina su su jure har digiri 125. Akwai kuma ɗan mai gadi a cikin kwamfutar, in manhaja ta daskare ba ta amsa masa ba, sai ya kashe ta ya sake tayarwa. Na uku, ko na huɗu ne... Na'am, Baba?

(Wani dattijo mai gareji ya ce su idan fitilar inji ta kama, batir suke cirewa ta mutu.)

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan toshe bakin mara lafiya ne. Ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai rami 16, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Ka jona na'urar karantawa. In ta ce P0171, iska ta fi mai yawa, sai ka duba robar iska ko ta tsage, ko ƙurar hunturu ta rufe sensa. In kuma kwamfutocin ne suka daina jin juna, cire batir, sa mitar auna lantarki tsakanin rami na 6 da na 14, ya kamata ka ga om 60, wato awon juriyar wayar. Motata na waje. Bayan la'asar ka zo da yaranka mu auna tare.