Kuɗin Ɗumama Gida a Amurka: Motar Mai Ta Tayar Min da Hankali

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarancin haske, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa nake, inda tankin man ɗumama gida yake. Yanzun nan motar mai ta tashi, ta bar min takarda maƙale a ƙofa: dala 900 da 'yan kai. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Kuma fa Nuwamba ko rabi ba ta yi ba, sanyin gaske yana gaba.

Ga tankin nan, galan 275 yake ci, irinsa ne a tsofaffin gidaje da yawa a nan Wusta, jihar Masacusets. Kun ga wannan ɗan gilashin na sama? Shi nake leƙawa kullum kafin in fita aiki, ina kallon alamar tana sauka. Man ja ne, ɗan uwan dizal, an sa masa launi don kada a zuba shi a mota. To duk abin da ya taɓa farashin dizal a duniya sai ya biyo ni har cikin ɗaki. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, galan ɗaya sai da ya haura dala 5.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne hasashen da ake yaɗawa. Duk watan Oktoba hukumar EIA, mai tattara bayanan makamashi a ƙasar nan, takan fitar da lissafin abin da gida zai kashe a lokacin sanyi. Suna haɗa hasashen yanayi da farashi da yawan abin da gida ke sha. Aikinsu mai kyau ne, ban raina ba. Amma sai kafafen labarai su ɗauko layi ɗaya su ce bana da sauƙi, kai kuma ka saki jiki. Sauƙi ga wa? Kusan rabin gidajen Amurka gas ɗin bututu suke ƙonawa, sai masu lantarki suna biye da su. Mu masu mai ko biyar cikin ɗari ba mu kai ba, kuma yawancinmu a nan arewa maso gabas muke. Idan ka buɗe rahoton, ka nemi layin abin da gidanka ke amfani da shi da kuma yankinka. Akwai wurin da suke nuna abin da za a biya idan sanyi ya zarce hasashe da kashi 10 cikin ɗari. Ni da shi nake lissafi, don ban taɓa jin wanda ya yi kuka saboda kuɗi sun yi masa saura ba.

Wani abokina ɗan Zangon Kumasi, layi biyu tsakaninmu, gidansa gas ne. An raba masa kuɗin shekara wata-wata, hankalinsa kwance. Ni kuwa a dunƙule ake karɓa, kuma masu kawowa da yawa ba sa tayar da mota don abin da bai kai galan 100 ba. Wani abin kuma, dokar jihar nan ta hana a yanke wa mai ƙaramin ƙarfi gas ko wutar da yake ɗumama gida da ita daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris. Mai mai ba shi da wannan gatan. In babu kuɗi, mota ba ta zuwa, shi ke nan.

Lantarki kuma, ku bi a hankali. A lissafin ƙasa gaba ɗaya sai ka ga kamar da araha, alhali gidajen Fulorida da Tekzas ne suka ja adadin ƙasa, su da sanyin bai dame su ba. A nan wuta tana cikin mafi tsada a Amurka. Ƙanwata ta kama gida mai hita a jikin bango, haya da sauƙi, takardar Janairu ta sa ta kira ni murya na rawa. Su kuma 'yan uwa na can su Minesota da ke wajen gari, masu tankin furofen, wato wani gas da ake kawowa a zuba a tanki, farashin nasu har masara tana taɓa shi, don da shi manoma ke busar da ita da kaka. A farkon 2014 sai da ya yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Kai, hunturun Kano nake tunawa. A tashi da asuba a hura kara a tsakar gida, a zagaye wuta, Inna ta miƙo koko da ƙosai, hantsi na dubawa a tuɓe rigar sanyi. Amma don Allah kada wannan tunanin ya sa wani ya kunna gawayi a ɗaki a nan, ko ya buɗe murhun girki don jin ɗumi. Gidajen a toshe suke ruf, iskar gubar ba ta da wari, cikin barci take ɗauke mutum.

Ni dai bana na shirya. Tagogina duka na liƙe su da leda, da hannuna, ku duba ko iska ba ta motsa ta. Da dare ina rage zafin, yara su sha bargo. Masu iyali, akwai tallafin gwamnati da ake kira LIHEAP, a jihar nan daga Nuwamba zuwa Afrilu yake aiki, ku je ku tambaya ko kun cancanta, ba abin kunya ba ne. Kai kuma da ke neman gida yanzu, kafin ka sa hannu ka tambayi mai gidan da me ake ɗumama shi, kuma wa ke biya. Ka ce ya nuna maka takardun bara, na Janairu da Fabrairu. In ya fara kame-kame, kama gabanka.

Bari in hau sama, yara sun kusa dawowa daga makaranta. Sai mun sake haɗuwa.