Torun, birnin jan bulo a bakin kogin Wisła

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Yau ina tsaye ne a gaɓar kogin Wisła, kogi mafi tsawo a ƙasar Polan, wanda ya taso daga duwatsun kudu ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ya faɗa tekun Baltik kusa da birnin Gdansk. Ganuwar jan bulo da kuke gani a bayana ita ce ta tsohon birnin Torun, kuma da na ratsa ta Ƙofar Gada ɗazu, ƙofofin Kano ne suka faɗo mini a rai, domin nan ma fatake ne suka raya gari a cikin ganuwa.

Mayaƙan wata ƙungiyar Kirista ta Jamusawa, waɗanda ake kira Tutonik, su ne suka kafa garin, suka ba shi takardar zama birni a shekarar 1233. Amma kogin nan ne ya ciyar da shi. Ta kansa ake gangaro da hatsi da katako zuwa bakin teku, a hauro da tufafi da kayan ƙamshi, har Torun ya shiga ƙawancen biranen kasuwanci na Hansa. Da attajiran garin suka yi ƙarfi, sai suka gaji da mulkin waɗanda suka kafa su. A 1454 mutanen gari suka yi wa fadar mayaƙan ƙawanya, suka rushe ta, suka miƙa wuya ga sarkin Polan, aka yi shekara 13 ana yaƙi kafin a ƙulla sulhu a nan Torun a 1466. Na daɗe a kangon fadar da safiyar nan, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne, ba su sake gina ta ba har yau.

Shekara 7 bayan sulhun, a 1473, aka haifi Kopernik a gidan wani ɗan kasuwa a garin nan, masanin taurarin da ya bayyana cewa duniya ce ke zagaya rana. Mutum-mutuminsa na tsaye a dandalin kasuwa, kuma shagunan da ke kewaye da shi suna sayar da piernik, biskit ɗin zuma da citta da kanumfari wanda garin ya yi suna a kansa.

Yaƙin duniya na biyu bai rusa tsohon birnin ba kamar yadda ya yi wa Warso, babban birnin Polan, shi ya sa yawancin gine-ginen nan na asali ne, kuma UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997.

Gobe idan Allah ya kai mu zan bi gaɓar kogin zuwa Ciechocinek, kimanin kilomita 25 daga nan, in nuna muku dogayen katangun katako da ake tsiyayar da ruwan gishiri a kansu tun ƙarni na 19.