Cocin Katako na Birnin Georgetown

Jama'a masu sauraro, a tsakiyar Georgetown, babban birnin ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka, akwai wani farin gini mai tsayin mita 43 da rabi wanda kusan ilahirinsa katako ne. Wannan shi ne babban cocin Saint George na ɗarikar Angilikan, kuma ana lissafa shi cikin majami'un katako mafi tsayi a duniya.

Mai kallo daga nesa zai iya zaton talauci ne kaɗai ya hana a yi shi da dutse, alhali kuwa ƙasar wurin ce ta fara ƙi. Birnin na zaune ne a kan laka mai taushi a bakin teku, har idan ruwa ya yi tudu yakan fi titunan birnin bisa. Wani cocin da ya gabaci wannan, wanda aka buɗe a 1842, harsashinsa bai riƙe ba, dole aka rushe shi a 1877. Saboda haka da Arthur Blomfield, masanin zanen gine-gine na Ingila, ya kawo tsarin farko na dutse, sai aka mayar masa da shi saboda nauyi da tsada, ya sake zanawa da katako.

An aza harsashi a 1889, aka buɗe a 1892, sannan aka keɓe shi domin ibada a 1894. Icen da aka fi amfani da shi, wanda ake kira greenheart, daga dazukan Guyana aka saro shi, kuma yana da taurin da gara da danshi ba sa saurin cin galaba a kansa, shi ya sa ake kafa shi cikin ruwa a tashoshin jiragen ruwa.

A ganina, gwanintar kafintocin ta fi fitowa daga ciki. Wanda ya shiga ya ɗaga kai zai ga ginshiƙai sirara sun miƙe sama sun haɗu, kamar abin da maginanmu ke kira bakan gizo, sai dai wannan yana da tsini a tsakiya, irin salon manyan majami'un dutse na Turai. Daga can sama fitilar ado da Sarauniya Biktoriya ta bayar take reto.

Bishop William Piercy Austin, wanda ya jagoranci ɗarikar Angilikan a yankin tun 1842, ya ga buɗewar ginin, amma ya rasu a wannan shekara ta 1892, kafin a keɓe shi.