Sunansa Ya Fito a Allon INEC, To Wa Ya Duba Takardunsa?

[Hoto: fastocin 'yan takara a jikin katanga, an manna wani kan wani.]

Jama'a, assalamu alaikum. Duk lokacin da kakar zaɓe ta kunno kai, akwai wata gardama da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp. Wani ya ce ɗan takarar majalisar jiha na mazaɓarsu takardunsa na bogi ne. Wani ya amsa masa: "Haba, ai INEC ta tantance shi, tun da har ta fitar da sunansa." Daga nan sai kowa ya yi shiru. Wannan amsar kuskure ce, kuma ita ce ke sa mutane naɗe hannu a daidai 'yan kwanakin da doka ta ba su damar yin wani abu.

A zaɓen 18 ga Maris 2023, kujerun majalisun jihohi 993 aka yi takara a kansu. Kowace jiha tana da 'yan majalisa daga 24 zuwa 40, Kano na cikin masu 40. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, su tantance kwamishinoni, su ne masu ikon tsige gwamna, kuma ba a gyara kundin tsarin mulkin Najeriya sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda. Amma ka tambayi mutum goma sunan ɗan takarar da suka dangwala wa a wannan kujera, da yawa alamar jam'iyya kawai za su tuna.

[Hoto: shafin kundin tsarin mulki, sashe na 106 da na 107.]

Sharuɗɗan tsayawa huɗu ne a sashe na 106: ɗan ƙasa, mai shekara 25 (a da 30 ne, gyaran 2018 ya rage), wanda ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Sashe na 107 ya jero abin da ke hana mutum, ciki har da ma'aikacin gwamnati da bai ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe ba, da wanda kotu ta kama da laifin rashin gaskiya ko karya dokar ɗa'ar ma'aikata cikin shekara 10 da suka wuce, da wanda ya miƙa wa INEC takardar shaida ta jabu.

Yanzu ga inda za mu zauna.

[Hoto: fom a manne a allon ofishin INEC na ƙaramar hukuma, kyamara tana bi layi-layi.]

Wannan shi ne fom EC9, wanda a da ake kira CF001. Ɗan takara ne ke cike shi da kansa. Yana rubuta sunansa da duk wani suna da ya taɓa amfani da shi, ranar haihuwa da wurinta, makarantun da ya yi da shekarun da ya yi su, ayyukan da ya riƙe. Sai jerin tambayoyin e ko a'a: ko an taɓa yanke masa hukunci, ko kotu ta taɓa ayyana shi a matsayin wanda ya karye ya kasa biyan bashi, ko yana cikin ƙungiyar asiri. Ya haɗa kwafin takardunsa, ya je babbar kotu ya rantse cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Jam'iyya ta tura wa INEC. INEC kuma ta manna.

Ku lura da abin da ba ya cikin wannan tafiyar. Babu inda jami'in INEC ya ɗauki mota ya je makarantar da aka rubuta ya buɗe rajista. Babu inda aka tura lambar jarrabawa WAEC a ce a duba. Manna fom ɗin nan kamar cikiyar ɗaurin aure ne: ana sanarwa ne don wanda ya san wani abu ya fito ya faɗa. Aikin binciken an bar wa mutanen mazaɓa, su da suka san wanda suka yi aji ɗaya da shi da wanda bai taɓa taka makarantar ba.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta tanadi cewa jam'iyya ta miƙa sunayen 'yan takara aƙalla kwana 180 kafin zaɓe, INEC kuma ta manna bayanansu a mazaɓa cikin kwana 7 da karɓa. Sashe na 29 ya ƙara da cewa kowa, ba sai ɗan jam'iyya ba, yana iya rubuta wa INEC ya nemi kwafin fom ɗin da duk takardun da aka haɗa, ya biya kuɗin da aka ƙayyade, a ba shi kwafi mai hatimin tabbatarwa cikin kwana 14. Majalisa kan yi wa dokar zaɓe gyara daga kaka zuwa kaka, saboda haka ranakun ku ɗauke su daga jadawalin da INEC ta fitar na zaɓen da ke gabanku.

Shawararmu ita ce ku yi abu biyu a rana ɗaya. Ranar da aka manna, ku je da waya ku ɗauki hoton kowane shafi, har da gefen da hatimin kotu yake. Takarda ce a allo, ruwa na dukanta, yara na yagarta, wani lokaci ma shafin da ya fi muhimmanci shi ne ke fara ɓacewa. A ranar kuma ku miƙa wasiƙar neman kwafi mai hatimi, ku riƙe kwafin wasiƙar da aka buga wa tambarin karɓa da kwanan wata. Hoton waya yana nuna muku inda za ku duba, amma kotu kwafi mai hatimi take karɓa.

[Hoto: hannu yana jera takardu uku a kan tebur, da biro yana ja wa sunaye layi.]

To ga takardun a gabanku, yaya ake karanta su? Ku fara da suna. Ku rubuta sunan da ke kan kowace takarda a layi ɗaya, harafi da harafi: takardar firamare, ta sakandare, ta gaba da sakandare, katin zaɓe. A wajenmu bambancin Muhammad da Mohammed da Muhammadu abu ne da aka saba, kuma mutum kan ɗauki sunan garinsu ya maye gurbin sunan mahaifi da ya shiga sakandare. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne ko akwai takardar da ta haɗa sunayen ta hanyar da doka ta yarda. Kada ku raina wannan. A ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa saboda sunayen da ke kan takardun mataimakinsa sun saɓa wa juna. Washegari Douye Diri aka rantsar.

Sai shekaru. Ku jera su daga haihuwa zuwa yau ku yi lissafi. Wanda aka haifa a 1980 ya ce ya gama sakandare a 1989, kun ga yana ɗan shekara 9 ke nan. Wanda ya kawo sakamakon NECO na 1996, alhali NECO ba ta fara wannan jarrabawar ba sai 2000. Takarda mai tambarin gwamnatin Jigawa da aka ce an bayar a 1985, alhali sai 1991 aka ƙirƙiro jihar. Katsina 1987, Zamfara 1996. A nan ku kula da ranar da aka bayar da takardar, domin mutum na iya gama makaranta a 1985 ya karɓi takardar shaida daga baya da sabon tambari. Manya a cikinku za su tuna Salisu Buhari, wanda ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai a 1999 kan ƙaryar shekaru da digirin Jami'ar Toronto. 'Yan jarida ne suka tono wannan, ba hukumar zaɓe ba.

Akwai wani wuri da masu bincike ke ɓata lokacinsu. Sai ka ga an samo sakamakon ɗan takara, F9 daga sama har ƙasa, ana ta yaɗawa ana cewa an kama shi. Sashe na 318 na kundin tsarin mulki ya faɗaɗa ma'anar matakin sakandare sosai. Wanda ya yi karatu har wannan matakin ya cika sharaɗi ko da bai ci jarrabawar ba. Har mai takardar firamare yana iya shiga idan ya yi aikin shekara 10, ya halarci kwasa-kwasai na aƙalla shekara 1, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci. Faɗuwa jarrabawa hujja ce ta ƙin zaɓensa in kun ga dama, wannan ra'ayinku ne. Abin da ke kayar da takara a kotu shi ne takardar jabu da rantsuwa a kan ƙarya. Mu a ganinmu ma, wanda ya kawo F9 ɗinsa tsakani da Allah ya fi wanda ya sayo digiri mutunci.

[Hoto: kalanda, ana tsallake kwanaki da jan biro.]

Kun gano ƙarya, sai me? A tsohuwar dokar 2010 kowa na iya kai ƙara. Dokar 2022 ta taƙaita wannan ga wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar tare da shi, kuma a Babbar Kotun Tarayya. Kundin tsarin mulki, sashe na 285, ya ce ƙarar kafin zaɓe dole a shigar da ita cikin kwana 14 daga faruwar abin da ake ƙorafi a kai. Ku haɗa lissafin: INEC na da kwana 14 ta ba ku kwafi, shigar da ƙara ma kwana 14 ne. Wanda ya jira mako guda kafin ya nema, kafin takarda ta zo hannunsa ƙofa ta rufe. Ƙararraki da yawa sun mutu a nan, alƙali bai ma duba takardun ba. Saboda haka abin da kuka gano ku kai shi da wuri ga wanda ya sha kaye a zaɓen fid da gwani da lauyansa. A ƙarƙashin Dokar 2022, idan an wuce wannan, saura kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, inda ɗan takara ko jam'iyyar da ta shiga zaɓen ke da kwana 21 bayan bayyana sakamako, kuma shari'ar kujerar majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa.

Sauran wuraren dubawa, a gurguje.

[Hoto: allon waya, ana rubuta suna a shafin CAC.]

Shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, yana da bincike kyauta. Sa sunan kamfanin da ya ce nasa ne ka ga ko yana da rajista, yaushe aka yi ta, ko yana aiki. Akwai kuma rajistar masu mallaka da aka buɗe a 2023, mai nuna wanda ke riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye. Idan kamfanin ya taɓa karɓar kwangilar aji ko rijiyar burtsatse a mazaɓarku, ku taka ku gani da ido. Shari'a kuwa, rajistar kotu ake zuwa da lambar ƙara a nemi kwafin hukunci. Tuhuma daban, hukunci daban, kuma hukunci ne sashe na 107 ke magana a kai. Wanda ya taɓa zama kansila ko ciyaman ya cike fom ɗin bayyana kadara a Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, sai dai hukumar ba ta cika sakin waɗannan takardu ba, kada ku ɗora bincikenku a kansu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wasiƙa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Mai neman komawa kujerarsa, ofishin akawun majalisa na da bayanan zama: ƙudirin da ya kawo, kwamitin da ya zauna.

Kafin ku wallafa komai, ku tabbata mutumin ne. Abubakar Muhammad nawa ne a ƙaramar hukuma ɗaya? Suna kaɗai ba ya isa. Sai ya zo daidai da aƙalla abu biyu da ke cikin EC9, kamar ranar haihuwa, adireshi, hoto ko sa hannu. Ku rufe lambar wayarsa da adireshin gidansa a duk hoton da za ku saka, ku rubuta abin da takarda ta nuna kawai, sannan ku tura masa tambayar a rubuce ku ba shi lokaci ya amsa, amsar tasa kuma ku saka ta tare da abin da kuka gano.