Masu jiran gwajin fitsari, kansa ba ta jira

Jama'a masu sauraro, wani saƙo ne ke ta yawo a WhatsApp, wai an samo gwajin fitsari mai gano kansar furostet, wato wannan ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar namiji, don haka an huta da allura, an huta da ɗan yatsan likita. Sau uku aka turo mini shi. Wani dattijo da nake girmamawa ya ƙara da cewa shi kam sai gwajin ya iso garinmu zai je asibiti. Wannan magana ce ta ɓata mini rai.

Gwajin yana nan, ba ƙarya ba ne. Tun 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wanda ake kira PCA3. A 2024 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da sakamakon wani da ke duba ƙwayoyin halitta 18 a cikin fitsari. A Ingila ma Jami'ar East Anglia tana aiki kan wanda mutum zai tara fitsarinsa a gida ya aika. Madalla.

Amma me aka yi su dominsa? Gwajin jini na PSA, wanda aka daɗe ana amfani da shi, yana da saurin tayar da hankali. Kumburin tsufa yana ɗaga shi, ciwon sanyin mafitsara yana ɗaga shi. Kusan uku cikin huɗu na mazan da PSA ɗinsu ya hau, idan an ciro ɗan nama an duba, ba a samun kansa. Ciro naman kuwa da allura ake yi, akwai zafi, akwai jini, wani lokaci har zazzaɓi mai tsanani. To a nan gwajin fitsari ke shigowa: ya taimaka wa likita ya tantance wa ya kamata a soka wa allurar, wa za a ƙyale a ci gaba da sa masa ido. Aikinsa ke nan. Wanda bai taɓa zuwa gaban likita ba, gwajin nan bai san da zamansa ba.

Kuma ku ji abin da masu tura saƙon ba su faɗa ba: shi PCA3, sai likita ya sa safar hannu ya danna ƙullutun ta dubura kafin a tari fitsarin. Ɗan yatsan da ake gudu yana cikin gwajin!

Za a ce mini kunya ce, al'adarmu ba ta saba ba. Haba jama'a! Wace kunya ta rage ranar da fitsari ya tsaya cak da tsakar dare, 'ya'yanka suka ɗauke ka ranga-ranga aka sa maka roba? Wace kunya ta rage idan ciwon ya shiga ƙashin baya, kana kwance ana juya ka? Wannan ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma yawancinmu sai ta yi nisa muke zuwa, bayan mun gama shan jiƙe-jiƙen masu lasifika a kasuwa da sunan maganin sanyi da basir. A Birtaniya an ƙiyasta baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai kamu da ita a rayuwarsa, ninkin sauran maza. Mu ake nufi. Farfesa Wole Soyinka ya fito a 2014 ya ce an gano tasa an yi masa magani ya warke. Gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu kuwa ita ta yi ajalinsa a Disambar 2023.

Ko gwajin fitsarin zai yi daidai a jikinmu kamar yadda ya yi a can, wannan sai likitocinmu sun gwada shi a kanmu, kuma ya kamata gwamnati ta ba su kuɗin yin hakan. Amma kansa ba ta jira a gama bincike, ba ta jira farashi ya sauko.

Baba, kai da ka ce sai gwajin ya iso: ka haura hamsin, kana tashi fitsari sau huɗu a dare, kuma ka ce mahaifinka da irin wannan ciwo ya rasu. Akwai likitocin mafitsara a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai su a Shika. Gwajin PSA ɗan jini kaɗan ne a hannu. Don Allah ka je makon nan, ni zan kai ka.